Ƙasar da Ta Fi Makka Nisa

"Ku fito min da akwatunan lefen nan tsakar gida!" Alhaji Gwadabe ya daka tsawa.

Bara'atu ta fito a guje ba ko ɗankwali, ta zube a gaban mahaifinta.

"Baba, don Allah ka yi haƙuri! Wallahi Khalid yana hanya, tun jiya ya hau jirgi."

"Tun jiya? Ke, ni za ki raina wa hankali? Na je Makka! Muka tashi daga Kano da hantsi, kafin magariba muna Jidda. Akwai ƙasar da ta fi Makka nisa ne?"

Sau biyu Khalid, saurayinta ɗan Rano mai karatu a Malesiya, yana ɗaga ranar aurensu saboda jarrabawa. Shi ya sa Alhaji ya rantse da Allah: in aka kira la'asar ɗin yau bai iso garinsu Kibiya ba, za a mayar da lefe. Shi kuwa Alhaji, in ya kafe, sai Allah.

"Baba, daga Kuala Lumpur zuwa Adis Ababa kaɗai ya fi awa goma. Sai ya jira wani jirgin, ya ƙara kusan awa biyar zuwa Kano."

"To kira shi mu ji!"

Ta kira. Wayarsa a kashe. Ta tura mesej, bai shiga ba.

"A cikin jirgi ba sabis, Baba..."

"Maƙaryaci dai ba ya rasa dalili!"

Ladan ya kira la'asar. Bara'atu ta ruga wurin akwatunan. Ta kifa kai a kan babban akwatin tana kuka, mahaifiyarta Inna Huseina na jan ta. Kai, ranar ta ga tashin hankali!

Alhaji ya dawo daga masallaci, an fara loda akwatunan a a-kori-kura, sai ga tasi ta tsaya. Khalid ya fito yana ɗingishi, takalmansa a hannu, idanu jajur. Ya durƙusa.

"Baba, na makara. Ka yafe min."

Alhaji bai dubi fuskarsa ba, ƙafafunsa ya zuba wa ido. Sun kumbura suntum kamar tulu. Ya tuna nasa ƙafafun da ya sauka Jidda, ɗan tashi kawai suka yi, amma ya wuni yana mita.

"Duk zaman jirgi ne wannan?"

"Shi ne, Baba."

Alhaji ya juya wurin masu lodi.

"Ku sauke kayan. Huseina, ɗora tukunya, miskinai goma zan ciyar, kaffarar rantsuwata. Bara'atu, share hawayenki ki kawo wa mijinki ruwan ɗumi."

Haƙurin Bara'atu ya yi rana. Iyaye, kada ku auna duniya da iyakar inda ƙafarku ta taka, balle ku ɗora rantsuwa a kai.