Jarkokin da Aka Ɓare wa Ƙoƙon Kai

Da hantsi aka kira Sufeto kamfanin wanki. An tsinci Inna mai shara kwance a sito, babu rai, bokiti a gefenta yana ta kumfa.

Tun daga ƙofa wari ya shaƙe masa wuya. Ƙudaje sun zube matattu a bakin taga, har gizo-gizo ya ƙame a cikin saƙarsa. Sufeto ya ja da baya. Ya toshe hanci da hankici, ya sa aka fitar da kowa.

Jarkoki shuɗaye ne jere, duk kama ɗaya, babu rubutu ko alama. Wasu na ruwan cire tabo ne, wasu na ruwan wanke bututu; in suka haɗu a bokiti ɗaya, iskarsu kisa take.

"Ina takardun jikinsu?" ya tambayi fomen, shugaban ma'aikatan.

"Ranka ya daɗe, haka suka zo."

Sufeto ya shafa jarka ɗaya. Danƙo ya kama masa yatsa.

Ya sa aka kira direban da ke kawo kayan.

"Haka suka zo? Haba, Yallaɓai! Kowacce da hoton ƙoƙon kan mutum, ya yage baki. Ni kaina ba na son mu haɗa ido."

Can cikin mata masu guga, wata mai tsohon ciki tana ta makyarkyata.

"Baiwar Allah, me kika sani?"

"Ba komai." Ta saci kallon fomen, sai kuka. "Fomen yayana ne. Kakarmu ce ta ce in ina kallon hoton nan, da kamarsa zan haifi ɗan. Na ce masa zan bar aikin."

Fomen ya zauna a ƙasa.

"Ni na ɓare su da reza. Na gane kowacce da murfinta. Na ce zan nuna wa Inna, na manta."

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya sa masa ankwa. Har sun kai bakin mota, Sufeto ya tsaya cak.

"Na siton nan kaɗai ka ɓare?"

Fomen ya sunkuyar da kai. "Da waɗanda aka kai ɗaya reshen kamfanin yau da safe. Su ba su san murfin ba."

Sufeto ya fizgo waya, ya kira reshen. Aka tura fomen cikin mota. A can wayar tana ta ringi, ba wanda ya ɗauka.