Luguden Shekara

A rumfar cajin salula ta bakin tashar Matameye suka fara ganin juna, a shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fitar da kai ba, soji kuma suka karɓi mulki a Yamai. Budurwar, mai suna Shekara, ta gama liise, wato sakandare, a Damagaram, ta dawo gida tana jiran kiran makarantar horon malamai, kiran da kullum ake cewa sai al'amura sun daidaita.

Saurayin da ke rumfar ya duƙufa kan wata tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, wani kiɗa na fita mai bugun ƙirji, ba kalangu ba garaya. Ta miƙa salularta, ta ce masa ta ɗauka injin niƙa ne ya lalace.

Bai ji haushi ba. Ya ce ta ba shi shawara, gobe zai je ya ɗauko ƙarar injin niƙa. Sunansa Illa. Shi da abokansa Tanko da Gambo suke da ƙungiyar kiɗa ta 'Yan Kuran, sunan da suka samu saboda ba sa iya komai sai an kawo kuran, wato wutar lantarki. Kiɗansu na farko, "Kabu-kabu", da kukan babur suka gina shi. Na biyu, "Guga", da ƙarar ruwan rijiya. Daga salula zuwa salula suka bazu, har ana rawarsu a bukukuwan Kurni da Tsauni.

Da ya tambayi sunanta ta faɗa a taƙaice.

"Kowa na kuka da shekarar nan," in ji shi, "ashe ba su ga wadda na gani ba."

Ta harare shi ta tafi. Amma kafin ta kai gida saƙo ya shigo: "Shekarata, na saci lambarki. Ki kai ni ƙara, zan amsa laifina." Ta amsa: "Ɗan Kuran, gyara rubutunka tukuna, akwai kuskure biyu." Babu kuskure ko ɗaya. Daga ranar ba su sake wuni ba saƙo ba.

Abu ɗaya ne ba ta taɓa gaya masa ba. Rumbun gidansu ya ƙare tun sanyi. Mahaifinta Ummaru yana Kano yana dako, abin da yake aikowa dusa da ganyen tafasa kawai yake kaiwa. Amma kullum bayan la'asar mahaifiyarta Indo sai ta jawo turmi tsakar gida, su kama daka ita da Shekara, ba ƙwaya ɗaya a ciki, don maƙwabta su ji gidan Ummaru na nan da ransa. Shekara ba ta ga wauta a ciki ba. Har lugude take yi, ta cilla taɓarya sama, ta tafa biyu, ta cafe. Indo kuwa in ta ji daɗi sai ta ce, "Saki hannu, 'yar liise!"

Wata la'asar Illa ya bi ta bayan katangarsu, ya ji, ya tsaya ya ɗauka a salula. Kwana huɗu yana aiki a kai duk sanda kuran ya zo. Ya sa wa kiɗan suna "Lugude", ya bar muryar Indo tana dawowa a kowace gaɓa. Kyauta ya nufa. Kafin ya ba ta, Tanko ya tura wa mutum biyu, ranar kasuwa kuwa duk gari ya ɗauka.

Maza suka yi ta rawa. Mata suka yi shiru.

A bakin famfo Shekara ta ga ana ba ta hanya, ana kau da ido. Da rana tsohuwa Baiwa, maƙwabciyarsu, ta shigo da 'yar ƙwarya ta gero, ta ajiye bakin ɗaki, ta fita. Indo ta dubi ƙwaryar, ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Sai da Shekara ta ji kiɗan a salular wani mai wucewa ta gane. 'Yar liise ɗaya ce a unguwar.

Ta same shi a rumfa, ya miƙe da murna.

"Illa, ka taɓa riƙe taɓarya?"

Ya ce a'a, yana dariya.

"Turmi mai hatsi ƙasa muryarsa take yi. Wanda ba komai, itace ne ke dukan itace. Duk macen da ta ji kiɗanka ta san abin da muke ci. Wata biyar uwata na rufe wannan asiri da ƙarfin kafaɗarta, kai ka sa masa ganga."

Dariyar ta mutu a fuskarsa. Ta ce kada ya sake rubuto mata, ta juya, kanta a sama, hawayen sai da ta sha kwana ta bar su suka zubo.

Ummaru ya dawo shirin shuka ya tarar da maganar. Ya ce ai dama ya ji sunan yaran, 'Yan Kura, kuma ga shi sun yi aikin kura. Shekara ta gyara masa sunan, ya ce duk ɗaya ne. Ya faɗa mata Idrisa, ɗan amininsa mai shago a Daura, ya yi maganar aurenta. Ba zai tilasta mata ba, amma mai kiɗan inji ba zai taka zaurensa ba. Idrisa ya zo sau ɗaya da buhun shinkafa a bayan babur, ya yi ta nanata cewa a gidansa ba a san yunwa ba. Ta yi masa godiya, ta ce ya bar shinkafar wa Inna, ita kam karatu take jira.

Mako biyu Illa bai rubuto ba, kamar yadda ta ce. Ta yi ta duba salula tana jin haushin biyayyarsa. Ran nan saƙo ya zo:

"Na karya dokarki, ki yafe. Na goge kiɗan a ordinata, amma ba zan iya goge shi a salular mutane ba. Jiya na kunna wa innata don ta nuna mini inda na yi kuskure. Ta saurara, ta ce: namu ma haka yake kuka tun watan Maulidi. A gidan nake kwana, Shekara, ban sani ba. Kurma ne ni, ina ce wa kaina mai kunne."

Ta karanta sau uku. Ta ɗauki ƙwaryar Baiwa, wadda ba wanda ya taɓa, ta mayar mata. A can ta ga turmin tsohuwar a kife, gizo ya yi saƙa a bakinsa. Baiwa ta ce geron nan shi ne iri na ƙarshe da ta ɓoye, ita kuma ba ta da ƙarfin dakan ƙarya, shi ya sa take kunna rediyo da ƙarfi a lokacin girki.

Shekara ta fito ta nufi gida. Ana rubuta sunayen masu buƙatar cimaka a ofishin magajin gari, amma layin unguwarsu kusan ba kowa, kowace mace na tsoron a gan ta. Ta rubuta wa Illa: "Ɗan Kuran, ka yi cajin kayanka. Tun da ka iya tonon asiri, zo ka tona na kowa."

Gida gida ta bi, kwana shida. Wasu suka kore ta, wasu suka yi dariya har da hawaye. Indo ce ta ƙarshe da ta yarda. Ranar Laraba da la'asar aka jera turmi ashirin da uku a filin bayan lakwal, makarantar boko, duk wofi. Gambo ya riƙe makirfo, Tanko ya tsaya nesa don kunya. Indo ta ɗaga taɓarya, ta dubi matan, ta ce, "Ku saki hannu, 'yan uwa."

Ƙarar ta kai har tasha. Da aka gama, ba wadda ta koma gida. Tare suka wuce ofishin, Shekara a gaba da biro, tana rubuta wa waɗanda ba su iya ba.

"Turmi Ashirin da Uku" ya zama kiɗan 'Yan Kuran mafi nisan tafiya. Har Kano 'yan ci-rani ke kunna shi, kowa na ƙoƙarin gane hannun matarsa.

Illa ya zo zauren Ummaru ya durƙusa, bai kare kansa ba. Tsohon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce shi ma shekara ashirin da shida yana jin dakan Indo, da aka kunna masa bai gane komai ba sai da aka faɗa masa.

"Ranar da turmin gidan nan ya sauya murya," ya ce, "ka turo manyanka."

Damina ta yi kyau. Illa ya yi noman farko da na biyu a gonar Ummaru, hannuwan ordinata suka yi kanta. Shekara kan kai musu ruwa, ta tsaya tana gyara masa riƙon hauya.

"Malama, ko a gona sai kin ba ni maki?"

"Takwas bisa ashirin. Amma kana ƙoƙari, masoyi."

Ranar da sabon gero ya shigo, ta rubuta masa ya zo bayan katanga. Ta daka turmi ɗaya, ta tsaya, ta daka wani, ɗaya wofi ɗaya da gero. Sai ta aika: "Wanne?"

Amsa ba ta jima ba: "Na biyu. Muryarsa ƙasa take, kamar taki ranar da kika ce mini masoyi. Gobe kawuna zai zo."

Bayan an gama ɗaurin gero aka ɗaura auren, mako biyu kafin ta tafi makarantar malamai, don kiran ya zo a ƙarshe. Kuran ya ɗauke da hantsi, kayan 'Yan Kuran suka yi tsit, ba wanda ya damu. Matan nan ashirin da uku sun zo da turamensu, kowanne cike da geron furar biki. Baiwa ta kama hannun amarya ta ɗora a na ango.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka," ta ce. "Allah kada Ya sake nuna wa turminku ƙasan kansa."

Aka ce amin. Illa ya laluba aljihu zai ciro salula ya ɗauka, Shekara ta riƙe hannunsa.

"Wannan ka saurara kawai."