Karas a Gaban Mahauci

"Karas? Ni za a ajiye wa karas?"

Baba ya daki tebur har cokula suka yi tsalle. Mahauci ne tun kafin a haifi 'yarsa Auta, kuma a wurinsa duk abincin da babu ƙashi a ciki wasan yara ne. Yau Auta da mijinta Tela sun gayyace shi cin abincin rana. Ga shinkafa, ga farantin karas yana ta sheƙi, amma ko ƙanshin nama babu.

"Baba, ka ɗanɗana mana..." in ji Auta.

"Rufe min baki! Dama an gaya min naman da nake aiko muku maƙwabta kuke rabawa, na ce sharri ne. Kai Tela! Namana ne bai kai ba, ko raini ne? Na ba ka 'ya, ka mayar min da ita zomo!"

Tela ya sunkuyar da kai. "Allah ya huci zuciyarka, Baba."

Kai, haƙurin bawan Allahn nan har haushi yake ba mutum! Shi kuwa Baba sai ya ƙara hawa, ya tashi tsaye.

"Ɗauko jakarki mu tafi. Zaman nan ya ƙare!"

Auta ta miƙe ta ɗauki jakarta. Tela ya girgiza mata kai, amma ina, ranta ya riga ya ɓaci.

"Wallahi sai na faɗa! Baba, Umma ta gaya mana komai. Likita ya hana ka nama saboda zuciyarka, kai kuma ka ɓoye don kada a yi maka dariya a kasuwa. Ta ce kullum sai ka ture kwanon ganye ka tashi da yunwa. Ka san abin da mutumin nan da kake zagi ya ce? Ya ce mu ma mun bar nama, ba za mu ci muna jin daɗi kai kana haɗiyar yawu ba!"

Ta fizgo hannun Tela ta ɗaga, duk tabon ƙuna.

"Duba! Ya bar ɗinki ya shige kicin, wai sai ya samo abin da bakinka zai karɓa. Ruwa kaɗan, ɗan mai, ɗan sukari, ya tsaya a kan tukunya yana juyawa har ruwan ya tsotse karas ya yi ƙyalli. Ya ɗan kau da ido, ya ƙone, ya sake sabo. Tukwanena duk sun yi baƙi! Kuma ya roƙe ni kada in nuna mun sani, don kada ka ji kunya."

Kuka ya ci ƙarfinta.

Baba ya daɗe yana kallon hannun nan. Sannan ya koma ya zauna, ya ɗauki yanka ɗaya ya tauna. Ya ƙara wani.

"Wa ya yanka karas ɗin nan?"

"Ni ne, Baba."

"Yankan banza! Wani kauri, wani siriri." Ya share ido da hannun riga. "Gobe ka zo rumfa in koya maka riƙe wuƙa, ɗana. Ke kuma ajiye jakar nan ki ƙaro min."

Iyaye, a riƙa tambaya kafin a yanke hukunci. Saura ƙiris fushi ya sa Baba ya raba 'yarsa da mutumin da ya ƙona hannunsa don ya ga ya ci abinci.