Ranar da Gwaggo Ta Shiga Ɗakin Hoto

"Cire mayafin nan in gani."

Tela ta ɗauke ƙafarta daga kan keken ɗinki. Ƙanwar mahaifin saurayinta Kafinta ce tsaye a bakin shagon, ga shi saura wata biyu a ɗaura wa Tela da shi aure.

"Gwaggo..."

"Takwas na haifa, yarinya. Ba ni za a ɓoye wa juna biyu ba."

Wata huɗu ke nan cikin Tela na kumbura a hankali, loma uku ta ƙoshi. Da hannunta take ƙara wa rigunanta faɗi, shi ya sa ba wanda ya lura. Asibiti kuwa ta ƙi zuwa, tsoro take kada a ce mata daji ne.

Kafin la'asar magana ta zagaye dangi. Sai ga Kafinta, garin katako har a gira.

"Abar ƙaunata, kalle ni. Ba tambayarki na zo yi ba."

"Wallahi ban taɓa..."

"Na sani. Gobe asibiti, kuma Gwaggo ce za ta shiga da ke."

"Ita?"

"In ni na kawo labari, cewa za su yi so ya rufe min ido. Ita kuwa ko rediyo bai kai ta ba."

Yaron ya san danginsa.

A ɗakin hoto na asibiti likita ta shafa wa Tela wani mai mai sanyi a ciki, ta juyo da allon wajen Gwaggo.

"Mama, ga mahaifa nan, ba komai a ciki. Wannan baƙin da kike gani jakar ruwa ce, ta fito kusa da hanji, daga ƙananan hanyoyin da ruwan jiki ke bi. Galibi da ita ake haihuwar mutum."

"Daji ne?" Tela ta tambaya da ƙyar.

"Ba alamarsa. In mun zuƙe da allura tana iya sake cika, gara a yi aiki a cire ta gaba ɗaya."

Gwaggo ta gyara zama. "To za ta haihu?"

"Ban ga abin da zai hana ba."

Aka yi aiki lafiya, gwaji ya tabbatar ba daji ba ne. Kwana biyar Gwaggo na gefen gado, ita ce ba da ruwa, ita ce korar masu dogon surutu.

Ranar ɗaurin aure Tela ta jiyo Gwaggo tana faɗa wa mata, "Ni na gano ciwon nan. Kallo ɗaya na yi mata na ce a tafi asibiti."

Tela ta juya ga angonta. "Ka ji fa..."

Ya yi murmushi. "Ƙyale ta, amaryata. Haƙurin ke nan take ba ki."