Kontira da Ruwan Shuka

Ranar da Nafi'u ya fara taka masana'antar man gyaɗa ta Alhaji Yahaya a Tanut, bai tarar da Alhajin a biro ba. Wata budurwa ce zaune a ofishin, gaban ordinata, wato kwamfuta. Ta ɗago ta dube shi, shi kuwa bawan Allah sai da ya sake sallama, don ganinta ya mantar da shi ya riga ya yi.

"Kai ne mutumin kontira daga Damagaram?"

"Ni ne. Sunana Nafi'u."

"Ni Zuhaira. Abba ya ce in ba ka sunayen ma'aikata. Amma ka sani, bai so zuwanka ba."

Gaskiya ta faɗa. Alhaji tun tasowarsa da baki yake ɗaukar ma'aikaci: a gaisa, a shafa fatiha, gobe ka zo aiki. Wani furoje, shirin agaji mai ciyar da 'yan lakwal a makarantunsu, ne ya ce ba zai sayi mansa ba sai kowane ma'aikaci na da kontira a rubuce. Dole ce ta sa aka kira Nafi'u, wanda sana'arsa ke nan, tsara wa masu ɗaukar ma'aikata yarjejeniya yadda doka ta tanada.

Aikin da ya kamata ya ƙare nan da nan sai ya yi ta ja. An karanta wa kowa, an sa hannu, an dangwala yatsa, amma motar Damagaram ba ta daina sauke Nafi'u a Tanut ba. Saƙonnin waya kuma ba sa yankewa tsakaninsa da Zuhaira.

*"Zuzu, yau ma na gano kuskure a shafin ƙarshe. Dole in dawo. Ki ajiye mini murmushina."*

*"Malam Doka, kuskuren nan naka ba ya ƙarewa. Allah Ya ƙara yawansa."*

Akwai wanda wannan zirga-zirga ke ci wa rai. Mustafa, ɗan ƙanen Alhaji, shi ke kula da ma'aikata, kuma ya daɗe da sa wa ransa Zuhaira ba tare da ya taɓa tambayar nata ran ba. Da Nafi'u ya nemi izinin turo manyansa, Alhaji ya ɓata fuska.

"Ɗan birni ne, ban san halinshi ba," ya ce wa 'yarsa. "Ga Mustafa a gida. Amma bari in komo daga Agadas mu gani."

Yana Agadas ɗin aka yi ruwan shuka.

Duk wanda ya san Damargu, ƙasar da Tanut take, ya san abin da ke biyo baya. Ruwan nan ba ya jiran kowa. In ƙasa ta sha, ko dai ka zuba iri kafin laimar ta gudu, ko ka zauna kana duban sama har wata shekara. Ma'aikatan Alhaji, yawancinsu mutanen ƙauyen Falanko, gari na wayewa suka kama hanya. Ba su nemi izini ba, don ba su taɓa nema ba. Haka ake yi kowace damina: injina su yi shiru, a shuka, a dawo.

Nafi'u kuwa a cikin birni aka haife shi, hatsi a kasuwa ya san shi. A kontirar da ya rubuta akwai aya mai cewa wanda ya bar aiki ba izini ana iya sallamarsa. Ko kusa shuka ba ta faɗo masa a rai ba, kuma ba wanda ya ga dalilin faɗa masa abin da kowa ya sani.

Mustafa ya kira shi a salula, muryarsa lafiya lau.

"Malam, in ma'aikaci ya watsar da aiki bai gaya wa kowa ba, mi kontira ta ce?"

"Laifi ne babba, yana iya kai ga kora. Amma sai an fara..."

"Na gode," Mustafa ya katse.

Kafin Alhaji ya dawo, takardun kora sun isa Falanko, Mustafa ya cike guraben da abokansa. Cikin waɗanda aka kora har da Baba Mato, wanda tare da Alhaji suka fara soya gyaɗa tun suna samari, wanda ya goya Zuhaira a wuya tana 'yar mitsitsiya.

Saƙonta ya iske Nafi'u a biro, ya karanta yana tsaye.

*"Yaya Mustafa ya ce kai ka ba shi shawarar korar su Baba Mato. Ka ce mini ƙarya ne, Nafi'u. In kuwa gaskiya ne, kada ka sake kirana Zuzu."*

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Sai ya rubuta mata:

*"Ya tambaye ni, na amsa ban tambayi dalili ba. Ba zan ce miki hannuna ba ya ciki ba. Ina nan tafe."*

Ba amsa. Zuhaira na ɗaki tana kuka, haushinsa take ji, tana kuma jin haushin zuciyarta da ta ƙi daina son sa.

Alhaji ya dawo ya tarar gari ya ɗauka: Alhaji Yahaya ya kori talakawa don sun je shuka. Mutanen da ke rige-rigen gaishe shi a ƙofar masallaci yanzu gaisuwar a taƙaice suke yi. Ya shiga gida idonsa jawur.

"Takardar yaron nan ta zubar mini da mutunci. Ki cire shi a ranki, Zuhaira. Na gama magana."

Nafi'u bai tsaya Tanut ba, Falanko ya wuce. Ya sami Baba Mato a gona yana saran shuka da sungumi, iyalinsa na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. Ya durƙusa a kan jiƙaƙƙen rairayi.

"Baba, ni na rubuta takardar nan. Ku gafarce ni. Korar ba ta kan ƙa'ida, ba a sallamar mutum sai an ji ta bakinshi. Alhaji ma bai sani ba. Ku komo aiki."

Tsohon bai daina sara ba sai da ya kai ƙarshen layi.

"Na san Yahaya bai sani ba. Shi ne abin da ya ba ni tsoro, yaro. Agadas kawai ya tafi aka kore ni. Ran da ya yi tafiyar da ba a komowa fa? Ka ce mishi ba na fushi. Amma ba ni zuwa."

Washegari da hantsi Nafi'u ya shiga masana'anta. A tsakar filin ya ga Alhaji tsaye, an tara kontirori cikin wani tsohon kasko, ashana a hannunsa. Mustafa na gefe. Zuhaira na bakin ƙofar biro, ta kau da kai da ta gan shi.

"Ka zo daidai," in ji Alhaji. "Ka ga aikinka. Furoje ya riƙe cinikinshi. Da baki na saba, da baki zan koma."

Nafi'u ya san in ya yi shiru wataƙila wata rana a huce a dube shi. Ya kuma san in ya yi wa dattijon musu a gaban jama'a, ya yi sallama da Zuhaira.

"Baba, kada ku ƙona."

"Kai! A gidana?"

"Laifina ne, ban rubuta hutun shuka ba don ban san shi ba. Amma ba takarda kaɗai ta kori Baba Mato ba. Alkawarinku yana bakinku, da kuka tafi Agadas ya bi ku. Jiya na same shi a gona. Ya ce ba ya komowa."

Hannun Alhaji ya sauka kaɗan. "Mato ya ce haka?"

"Ya ce in tafiyar Agadas ta isa a kore shi, ran da kuka yi wadda ba a komowa fa?"

Mustafa ya buɗe baki. "Baba, ni abin da takarda ta..."

"Rufe mini baki! Kai ma ba ka san ana shuka ba? A gonar wa ka girma?"

Mustafa ya sunkuyar da kai. Alhaji ya daɗe yana kallon kaskon, sannan ya mayar da ashanar aljihu.

"Zuhaira, kunna injin nan naki. Kai kuma zauna. Ni zan faɗa, kai ka sa shi yadda ba mai iya murɗe shi."

Alhaji ya faɗa, Nafi'u ya gyara, Zuhaira ta buga. Duk ranar da aka yi ruwan shuka, ma'aikaci na da ikon tafiya gonarsa ba sai ya nemi izini ba, gurbinsa na jiransa, ko wa ke riƙe da masana'antar. Da suka kai kalmar ƙarshe ta ɗago, idonta cike da hawaye, ta ce a hankali yadda shi kaɗai zai ji:

"Ka ba ni tsoro, Malam Doka."

"Ni ma na tsorata, Zuzu."

Alhaji da kansa ya ɗauki takardar zuwa Falanko, ya sa Nafi'u ya karanta ta a bakin gona. Baba Mato ya saurara har ƙarshe, ya jingine sungumi, tsofaffin biyu suka riƙe hannun juna.

A hanyar dawowa Alhaji ya yi gyaran murya, idonsa na kan hanya.

"Cikin mutanen da ke cin tuwona ba wanda ya hana ni kyasta ashanar nan. Kai da kake neman abu a hannuna ka hana ni." Ya juyo ya dubi Nafi'u. "Ita 'yar tawa, wace aya za ka rubuta mata?"

"Wannan ba ta rubutu ba ce, Baba. Shaidu za ku tara."

"To ka turo manyanka."

Da kaka aka ɗaura auren, bayan hatsi ya shiga rumbu. Mutanen Falanko suka cika ƙofar gidan Alhaji maƙil, kuma Baba Mato ne ya karɓi waliccin amarya, don Alhaji ya ce shi ya fi cancanta. Da aka shafa, tsohon ya kamo hannun ango ya riƙe gam.

"Na ba ka 'yata. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya sa albarka a abin da za ku shuka."

Jama'a suka amsa da amin, daga cikin gida guɗa ta tashi.