Hannun Lola Meding

A motar haya ta jifni mai zuwa garin Taal suka fara haɗuwa, ana tsuga ruwa. Crisanto Dimayuga, wanda kowa ke kira Santi, ya faɗo ciki a jiƙe sharkaf, ya rufe kansa da jaridar da yake yi wa aiki. Budurwar da ke gefensa ta dubi jaridar, ta dube shi.

"To, yau dai ta yi amfani."

"Ni na rubuta shafin farkon nan fa," in ji shi.

"Shi ya sa bai tare ruwan ba."

Luningning Ilagan sunanta, malamar sakandare, ana ce mata Ning. Yana sane ya wuce inda zai sauka.

Shekarun da suka biyo baya sun gasa masa aya a hannu. Jaridar ta rufe. Ya koma koyar da aikin jarida a wata kwaleji a birnin Lipa, yana zama jarrabawar shiga aikin jakadanci yana faɗuwa. Ning ta laƙaba masa suna Jakada don tsokana. Ranar da Allah ya yi ya ci, ya tura mata saƙo:

"Malamata, na ci. Norway za su tura ni a watan Nuwamba, shekara shida. Ba zan iya sanyin nan ni kaɗai ba. Ki aure ni."

Ta mayar masa: "Jakada, ba a neman aure ta waya. Ka zo da iyayenka da abinci, kamar ɗan mutane."

Haka aka yi. Suka iso da tukunyar naman adobo da taliya da wainar shinkafa. Ning marainiya ce, kakarta Lola Meding ta rene ta, don haka a gaban tsohuwar aka zauna. Mahaifin Santi ya gabatar da buƙata, ya ce suna son biki a watan Oktoba.

Lola ta ajiye cokali.

"Yayarta Perla ta yi aure a Fabrairu. 'Yan gida ɗaya ba sa aure a shekara ɗaya, rabonsu rabuwa yake yi. Sai shekara ta juya."

Kowa a lardinsu na Batangas ya san zancen nan. Mai hankali shiru yake yi. Amma Santi, da bakin nan nasa na ɗan jarida, sai ya gyara zama.

"Lola, wa ya taɓa tabbatar da haka? Ai camfi ne kawai."

Uwarsa ta take masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, amma ina, magana ta riga ta fita. Da za su tafi ya sunkuya zai ɗauki hannun Lola ya ɗora a goshinsa don neman albarka, tsohuwa ta janye hannunta ta tura cikin aljihun riga. A gaban iyayensa.

Daga nan komai ya cakuɗe. An gaya masa sabon ma'aikaci ba zai ga hutu ba sai ya shekara, Lola kuma ta ce ba ta ajiye jikarta don mutumin da ke wata uwa duniya. Gwaggon Ning, Tita Choleng, ta samu abin da take so. Ta fara jawo wani injiniya mai suna Wilfredo gidan duk Lahadi, da motarsa da turarensa mai hawa kai. Abin haushi, shi ana ba shi hannu.

Santi ya kawo fadan coci ya yi bayani, Lola ta ba fada kofi ta sallame shi. Ya ce da Ning su je gaban alƙali a ɓoye, ta ce ba za ta ci amanar matar da ta goya ta ba. Takaici ya ishe shi, ya rubuta mata:

"Na gaji. Ki zaɓa, ni ko camfin kakarki. Ko injiniyan ne ya fi miki?"

Amsa ta zo a takaice: "Za ka je sasanta ƙasashe, ka kasa zama da tsohuwa ɗaya. Ka taɓa tambayarta me take tsoro?"

Bai taɓa ba. Mutumin da ya yi shekaru yana yi wa gwamnoni tambayoyi.

Ranar Asabar ya samu Lola a bayan gida tana shanya 'ya'yan kofi a tabarma. Ya ɗauki manjagara ya shiga baza mata. Sai da rana ta take sannan ya buɗe baki.

"Lola, su wa suka taɓa yin aure a shekara ɗaya a gidan nan?"

Ta zauna a bakin tabarmar.

"Choleng da uwar Ning. Aka ce in hana, na ce zamani ya canza. Choleng ga ta nan da ranta. Uwar Ning kuwa mijinta ya rasu, ta tafi aikatau ƙasar waje Ning tana rarrafe. A akwati aka dawo min da ita. Har yau ba wanda ya zauna ya gaya min yadda aka yi." Ta share fuska da gefen riga. "Yanzu kai ma ka zo da jirginka."

Santi bai yi gardama ba, karo na farko a rayuwarsa.

Ya je Manila ya roƙi a ɗaga masa tafiya. Aka ce babu laifi, amma Norway ta zama ta wani, shi sai abin da ya rage. Ya fito daga ofishin yana jin kamar ya yi kuka, don ya yi shekaru yana mafarkin wurin nan. Ning ta kira shi.

"Jakada, me ka yi haka?"

"Malamata, na sasanta da ƙasa mafi taurin kai a duniya. Saura ta sa hannu."

Hannun dai bai fito ba. Duk Asabar yana gidan, ya gyara rufin kicin, ya kai Lola kasuwa, ya sha baƙar maganar Tita Choleng. Injiniya ya gaji da zaman kallo ya daina zuwa. Kullum Santi ya sunkuya, hannu na cikin aljihu. Har Kirsimeti ta wuce a haka.

Da shekara ta juya aka faɗa masa sabon wurinsa, wani birni mai zafi a yankin Gulf, ofishin da ke kula da 'yan ƙasarsu masu aikatau a can. Ba mai rububinsa. Ya gaya wa Lola da fargaba, don ya san abin da zai tuna mata.

"Idan 'yar wani ta shiga uku a can, kai za a kira?" ta tambaya.

"Ni ne, Lola."

"In ta mutu kuma?"

"Ni zan kira uwarta. Zan zauna in gaya mata komai."

Ta gyaɗa kai, ta ce a sa rana, amma hannun na cikin aljihu.

A ƙarshen Janairu aka ɗaura auren a babban cocin Taal. Bisa al'ada aka yafa musu mayafi ɗaya, aka zagaya igiya a kafaɗunsu, Ning tana kuka tana dariya. A bakin ƙofa Santi ya sunkuya gaban Lola Meding kamar yadda ya saba, ba tare da ya sa rai ba.

Tsohuwa ta zaro hannun daga aljihu, ta ɗora a goshinsa da kanta, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"Allah ya yi muku albarka, ɗana. Ka je ka kula da 'ya'yan mutane. Tawa kuma ka dawo min da ita da ƙafarta."