Ƙofar da Ta Juya wa Gabas Baya

Ranar wata Talata cikin bazarar 1953, Malam Buba, akawun gine-gine, ya jingine kekensa a bakin ofishin 'yan doka na Hadeja, ya faɗa ciki ko sallamar kirki babu.

"Sufeto, an sace taswira!"

Sufeto Ja'afaru ya ajiye alƙalami. "Numfasa tukuna. Taswirar me?"

"Ta ɗakin shan maganin da za a gina a Garin Kolo. Ba ita kaɗai ba, an tuge turakun da Baturen safiyo mai awon ƙasa ya kafa a kwari, an kai su kan tudu. Leburorin da aka ɗauko daga Jahun ba su san gari ba. Inda suka ga turaku, nan suka hau haƙa."

Garin Kolo mahaifar Sufeto ce. Tun yana yaro ake ɗaukar mara lafiya a kwalekwale zuwa Hadeja, wani ya kai, wani ya cika a hanya. Shi ma ya raka Baturen ranar awo, yana ta kai da komo cikin kaki kamar shi ya kawo aikin.

Da hantsi suka isa. Sufeto ya fara da rumfar ajiyar kaya. Akwatin taswirar na nan, kwaɗonsa lafiya lau, ko ƙwarzane babu.

"Mabuɗi wajen wa yake?"

"Wajena, ranka ya daɗe. Ko nan da can ban je ba."

Sufeto ya ja akawun zuwa tudu, ya dira cikin ramin da leburori suka haƙa. Ramin ya kai masa gwiwa.

"Malam Buba, wannan haƙan kwana uku ne. Kana gari aka yi shi ba ka gani ba?"

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Buba ya sosa ƙeya, ya ce gaskiya ranar Juma'a ya leƙa Auyo wajen suna, sunan kuma ya yi daɗi har Litinin. Mabuɗin a ƙarƙashin tabarma ya bari.

"Amma ai an kama ɓarawon," in ji shi da sauri. "Umara, wanda aka karɓe gonar shinkafarsa a kwarin. Yana ɗaure a zauren dagaci."

Umara ya rantse da abin da zai kashe shi cewa ko kusa da kwarin bai je ba. Sufeto bai yi gardama ba, ya dai nuna wata akuya da ke ɗaure a ƙofar gidan Umaran. Turken nata na ƙarfe ne, kansa shafe da jan fenti.

"Ɗaya tak na ɗauka, wallahi! A yashe na same shi, an riga an kwashe sauran."

Sufeto ya sa aka kwance shi, ya ba shi igiya da itace huɗu, ya ce ya auna masa filin ɗaki. Umara ya yi ta gumi, a ƙarshe ya fitar da wani abu mai kama da gonar da ruwa ya ci wa gefe. Mutane suka yi dariya, ban da Sufeto. Ya san in bai samo mai laifi ba, Umara ne zai kwana a gidan yari.

Ya koma tudu. Awon da ke nan kuwa ba na ɗan koyo ba ne, kowace kusurwa ta zauna daram. A gefen yamma an bar tazarar da ba a haƙa ba, an sa mata turaku biyu.

"Wannan fa?"

"Ƙofa ce," in ji shugaban leburori.

Sufeto ya juya wajen akawu. "A taswira ina ƙofar ta kalla?"

"Gabas, ranka ya daɗe. Bature ya ce ta kalli hanyar mota."

Sufeto ya sake duban turakun biyu. Ɓarawo zai iya kwafar awo, amma ba zai tsaya gyaran ƙofa ba. Kuma duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san daga gabas hadari ke tasowa. A garin nan mutum ɗaya ne zai gwammace a kama shi da ya bar ƙofa ta buɗe wa ruwa baki.

"Tudun nan gonar wa ce?" ya tambaya, ko da yake ya san amsar.

"Ta Baba Fannami, sarkin magina."

Ya same shi a zaurensa yana murza igiya, tsoho tukuf, hannuwansa sun yi kanta saboda cuɗa ƙasa. Shi ya gina gidan da aka haifi Sufeto. Sufeto ya cire takalmi ya durƙusa.

"Ina wuni, Baba."

"Lafiya lau, Jafaru. Ka yi jinkiri. Tun da na ji an ɗaure Umara abinci ya ƙi shiga mini."

"Baba, kai ka juya ƙofar?"

Tsohon ya yi murmushi. "Ashe ita ta tona ni. Na yi niyyar barinta yadda take, hannuna ya ƙi."

Ya miƙa hannu cikin rufin zaure, ya zaro taswirar a naɗe cikin fata, ko ƙura ba ta taɓa ta ba.

"Na ɗauke ta ne don kada a mayar da turakun kafin a zuba harsashi. Ban iya karatun boko ba, amma na duba ta ciki da bai. Ga hanya, ga kasuwa, ga inda za a sa kotu da makaranta nan gaba. Kogi ne kawai ban gani ba. Da rani Baturen ya zo ya auna, Jafaru. Kwarin nan kuwa gidan ruwa ne, yakan yi shekara goma bai leƙo ba, ranar da ya dawo ba ya sallama."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

Tsohon ya ɗago kai ya dube shi. Tun kafin ya yi magana Sufeto ya tuna. Ranar awo, Fannami ya kutso cikin taro, ya kama hannun rigarsa, ya ce a gaya wa Bature maganar ruwa. Shi kuwa ya ji kunyar a ga tsoho mai taɓo a jiki yana jan kakinsa. Ya ce, "Zan faɗa, Baba," ya sa aka matsar da shi baya. Bai faɗa ba, har Bature ya koma Kano.

Kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Da na sani ƙeya ce.

"An riga an sa hannu a kan takardar nan, Baba. Ba ni da ikon canza ta. In kuma na rufe maganar, Umara za a ɗaure."

"Na sani. Ai shi ya sa na ce ka yi jinkiri."

Fannami ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki sandarsa, ya miƙa masa hannuwa biyu. Sufeto ya kau da kai, ya bar ankwar a aljihu.

Hanyar Hadeja ta kwarin ta bi. Taswirar na komawa hannun akawu, leburori suka fara mayar da turaku, Malam Buba na ba da umarni da babbar murya. Tsohon ya tsaya gindin wata tsamiya, ya nuna wani tsohon sara a jikinta, sama da kan mutum.

"Nan ruwa ya kai shekarar da na ɗora ka a reshen can, kana ɗan shekara huɗu, kana ta kiran babarka. A ƙarƙashin wannan sara za a kwantar da marasa lafiya."

Sufeto ya kasa ɗaga ido.

"To, tunda tudun ya gagara," in ji Fannami, "ka roƙe su ko ƙofar ce su juya."

"Zan faɗa, Baba."

Tsohon ya dube shi, babu fushi a fuskarsa ko kaɗan.

"Haka ka ce wancan karon," ya ce, ya dogara sandarsa ya wuce gaba, Sufeto na biye.